Littafin Madugu: Yadda Nake Auna Faɗa a Wasan Ayarinmu na Agege

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Yau na kashe wa Auta mutuminsa tun bai jefa dayis ko sau ɗaya ba. Dalilin da ya sa na sayi wannan littafi ke nan a hanyar dawowa daga sallar isha'i, don in riƙa rubuta kowane faɗa da na shirya da yadda ya ƙare.

Wasan da muke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Bugu na biyar muke bi, na 2014, da ƙa'idojin da aka saki kyauta a intanet, na buga su a takarda a Ikeja. Wanda bai san wasan ba ya ɗauka tatsuniya ce da masu sauraro ke da baki a ciki. Ni ke ba da labari, kowannensu yana riƙe da mutum guda, in aka zo inda ba a san ci ko faɗuwa ba sai dayis ya raba gardama. Na ciro labarin daga ƙasar Turawa na mai da shi ayarin fatake da ya tashi daga Kano za shi Gwanja sayen goro, shi ya sa suke ce mini Madugu.

Su huɗu ne. Ƙanwata ce barde, jininta 12, kariyarta 18. Jini shi ne yawan dukan da mutum zai iya sha kafin ya faɗi, kariya kuma lambar da mai kai masa hari zai kai da jifan dayis mai fuska ashirin kafin dukansa ya sauka. Taubashina ɗan sane ne, jini 10, kuma na gaya masa bai sha wahalar shiga rigar ba. Malam, abokina mai koyar da lissafi, shi ne mai magani, jini 10. Auta ya ɗauki wanda littafin ya ba sihiri, amma Umma ta ce ba a yin boka a falonta ko da wasa, sai muka sa masa mai siddabaru. Jininsa 8, kariya 12. Duk azumin nan yaron yana zana shi a bayan littafin makaranta, har da zoben da kakarsa ta bar masa.

Na kawo musu dodo guda ɗaya tak, wanda littafin ke kira bugbear. Makinsa, wato lambar da littafin ke auna ƙarfinsa da ita, 200 ne, kuma jadawalin auna faɗa na littafin ya ce ga mutum huɗu 'yan matakin farko 200 faɗa ne matsakaici. Na ɗora kumburarren batirin waya a matsayin dodon a kan kwalin da muka ja wa layuka, a bayan ayari, inda Auta yake. Dodon ya shammace shi. Na jefa masu-takwas biyu, wato dayis masu fuska takwas, suka ba da 6 da 4, da ƙarin 2, sannan masu-shida biyu na shammata suka ba da 5 da 2. Jimla 19. Ƙa'ida ta ce in abin da ya rage bayan jini ya ƙare ya kai cikakken jinin mutum, ya mutu nan take, babu jinya. Takwas sun tafi, saura 11.

Auta ya ɗauki murfin kwalbar da ke matsayin mutuminsa ya sa a aljihu, ya ce, "Yaya, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya tashi ya tafi kallon ƙwallo. Sauran ukun sun kori dodon da ƙyar, amma babu wanda ya yi murna.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kasuwa ta yi sanyi a shago yau, waya biyu kawai na gyara, sai na zauna da kalkuleta.

Ga yadda jadawalin yake. Kowane ɗan matakin farko yana da ma'auni huɗu: 25 mai sauƙi, 50 matsakaici, 75 mai wuya, 100 mai kisa. A mutum huɗu sun zama 100, 200, 300, 400. Sai ka tara makin abokan gaba ka ninka gwargwadon yawansu: guda ɗaya babu ninki, biyu sau ɗaya da rabi, uku zuwa shida sau biyu. Ninkin yana da hujja, domin kowane ƙarin hannu ƙarin duka ne a kowane zagaye. Ban yi kuskuren lissafi ba ranar Lahadi. Kuskurena shi ne na ɗauka lissafin ya gama magana.

Abin da jadawalin ke aunawa shi ne ko ayarin gaba ɗaya zai ci faɗan. Kuma sun ci. Bai tambayi ko akwai wanda duka ɗaya zai aika barzahu ba. Na lissafa dukan shammata na wannan dodon: matsakaicinsa 18, Auta kuwa 16 ke kashe shi. In dukan ya sauka, sau bakwai cikin goma sai ya kai 16. Saukar tasa ma kusan tabbas ce, don wanda ya kai hari daga ɓoye dayis biyu yake jefawa ya ɗauki babba, ga ƙarin 4 a kan kariya 12. Wato 8 kawai yake nema, kuma da jifa biyu zai same shi kusan kashi 88 cikin ɗari. Ashe tun da na ajiye batirin nan a bayan yaron na riga na yanke masa likkafani, ina ta kiran abin matsakaici.

Don haka na kafa wa kaina doka, na rubuta a bangon littafin nan. Kafin in duba maki, zan fara duba duka mafi girma da abokin gaba zai iya yi, in gwada shi da jinin wanda ya fi kowa rauni. In ya kai ninki biyu na jininsa, ba zai shigo ba, ko kuma ya shigo suna ganinsa tun daga nesa. Faɗuwa ƙasa ba komai, akwai mai magani. Mutuwar da ba ka ga zuwanta ba, ba ka kuma yi wani zaɓi da ya jawo ta ba, ita ce ba ta da daɗi.

Na sayo wa Auta burodin Agege mai zafi da yamma. Ya ci burodin, bai ce zai dawo ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ya dawo. Ƙanwata ce ta lallashe shi, ta ce ya zo a matsayin ƙanen mamacin, mai neman fansa. Takardar iri ɗaya ce, suna kawai ya goge.

Ni kuma tsoro ya sa na zarce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na kawo kuraye uku ƙanana, kowace jini 5, maki 10. Ko an ninka 60 ne, bai ma kai mai sauƙi ba. Auta ya riga kowa, ya saki siddabarun barci. Wannan masu-takwas biyar ake jefawa, abin da suka ba da shi ne yawan jinin da zai kwanta, ana farawa daga mafi ƙaranci. Ya samu 24, kurayen duka 15 ne. Suka zube suna minshari kafin Ƙanwata ta zare takobi. Taubashi ya ce, "Madugu, waɗannan kuraye ne ko 'yan kwikwiyo?" Malam ya duba agogo sau biyu.

Auta dai ya ji daɗi, wannan riba ce. Amma na gane barcin nan matsakaicinsa 22 da rabi ne, yana iya share ƙananan abokan gaba uku a jifa ɗaya, kuma yana da shi sau biyu a rana. Duk faɗan da zan shirya sai na lissafa da shi.

Lahadi, 4 ga Mayu

Faɗa na farko da ya yi kama da abin da nake nema, kuma ranar da aka kama ni da maguɗi.

Na ɗauki alƙaluman goblin, wani ƙaramin dodo na littafin, na sa musu rigar 'yan kwanta-kwanta: jini 7, kariya 15, baka mai cin mai-shida ɗaya da ƙarin 2, maki 50 kowanne. Huɗu sun zama 400 bayan ninki, mai kisa ke nan. Na fito da uku, 300, na ɓoye na huɗu a zuciyata, in abin ya yi sauƙi ya ɓullo daga bayan tsauni, in ya yi tsanani kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Na kuma warwatsa su a kan kwalin yadda barci ɗaya ba zai haɗa su ba, tun da da'irarsa ƙafa ashirin ce daga tsakiya.

Wani abu da na gano tun a shago ya fi yawansu muhimmanci, wato wa suke hara. A kan Ƙanwata sai sun jefa 14 zuwa sama, bakwai cikin ashirin, su uku a zagaye ɗaya ba su kai cin jini 6 ba a matsakaici. A kan Auta 8 ya ishe su, sha uku cikin ashirin, su uku suna cin kusan 11, ya fi jininsa duka. Mutane iri ɗaya, maki iri ɗaya, amma faɗa biyu ne daban. Sai na tambayi kaina me ɗan fashi yake so. Kaya yake so. Don haka biyu suka nufi jakuna inda barde ke tsaye, ɗaya kawai ya tsaya a ciyawa yana harbi yana sulalewa, domin suna da damar ɓuya bayan kowane hari.

Wannan ɗayan ne ya sami Auta a zagaye na biyu. Ina jifa a bayan kwalin taliya da na kafa a matsayin labule. Mai-shida ya nuna 6, da 2, takwas cif, jininsa duka. Bakina ya ce, "Bakwai. Saura maka ɗaya."

Ƙanwata ta ɗago ta dube ni. "Yaya, in ka yi ƙarya kunnenka kake sosawa."

Auta ya miƙe ya leƙa bayan kwalin, ya ga shidan a zaune. Na zaci zai gode. Ya kwantar da murfin kwalbarsa da kansa, ya ce, "In don tausayi za ka bar ni, to duk wanda na kashe ma ba ni na kashe shi ba." Malam ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya jefa masa kalmar waraka daga inda yake, mai-huɗu ɗaya da ƙarin 3, yaron ya tashi da jini 5. Da suka kashe biyu, na ukun ya ari ta kare da buhun kanwa guda. Na huɗun bai fito ba.

Kwalin taliya ya koma kicin. Daga yau a fili nake jifa, wanda ke nufin duk sassaucin da zan yi sai na yi shi tun a shiri.

Alhamis, 15 ga Mayu

Malam ya biyo ta shago da sabon tsarin da aka fitar a 2024 a wayarsa. A can ma'auni uku ne, 50, 75, 100 ga ɗan matakin farko, kuma an cire ninkin gaba ɗaya. Maki 200 da tsohon jadawali zai ninka ya kira mai kisa in abokan gaba huɗu ne suka kawo shi, a sabon shi ne mafi sauƙi. Ya ce mu koma can, lissafin ya fi tsabta. Na ce masa an taɓa dodannin da jaruman su ma a sabon, ba a ɗaukar mudun wata kasuwa a auna hatsin wata. Za mu ƙarasa wannan tafiya a kan tsohon.

Amma hirar ta tono wata matsala. Tsohon tsarin an gina shi a kan faɗa shida zuwa takwas a ranar wasa ɗaya, ana ci da jini da siddabaru a hankali har su ƙare. Mu kuwa daga azahar zuwa magariba muke zama, a cire la'asar, a cire jiran Malam da ke fama da danfo daga Idi-Araba. Faɗa biyu muke samu in an yi sa'a. Kowace Lahadi kuma ina barin su kwana, su tashi da komai cike. Shi ya sa Auta ke zubar da barcinsa ba tunani.

Maganin yana cikin labarin. Fatake ba su barcin kirki a daji. Daga yanzu dogon hutu na awa takwas sai a zango mai ganuwa, a hanya gajeren hutu na awa ɗaya kawai. Ranar wasa ɗaya za ta iya cin Lahadi uku.

Lahadi, 25 ga Mayu

Taubashi ya ɓace, kamar kowace shekara in babbar salla ta ƙarato. Yana Alaba Rago da raguna, wayarsa ma ba ya ɗauka. Saura uku, kuma sun hau mataki na biyu tun da suka isa zangon makon jiya: Ƙanwata jini 20, Malam 17, Auta 14. Ma'aunin wannan mataki 50, 100, 150, 200 ne, a mutum uku matsakaici 300.

Ƙetare Kwara na shirya. Kada biyu, kowane jini 19, maki 100, bayan ninki 300 daidai. Cizonsa mai-goma ɗaya da 2, mafi girma 12, ya tsallake dokata. Abin da na manta shi ne kada in ya ciji ba ya saki. Wanda ya riƙe ba ya motsi sai ya jefa 12 ya kuɓuce, kuma ga ruwa. Ɗaya ya kama Ƙanwata a cinya ya fara ja da ita tsakiyar kogi da sulkenta. Jifa biyu ta yi ta kasa. Jadawalin bai san akwai ruwa a wurin ba.

Hannuna ya kai kunne, na tuna babu kwali. Sai Malam ya yi abin da ban shirya ba. Ya ce, "Madugu, kadan nan yunwa yake ji ko gaba yake da mu?" Na ce yunwa. Ya ce to ya kwance kayan jaki ɗaya ya tura shi ruwa. Na tsaya na yi tunani, na ga babu dalilin da kada zai bar nama mai laushi ya riƙe ƙarfe. Na sa ya jefa dayis, ya samu 15. Kadojin biyu suka koma kan jakin.

Sun ƙetare ba su kashe ko ɗaya ba, sun yi asarar jaki, kuma har magariba suna ta gardamar wanda zai ɗauki kayansa. Na ba su makin duka. Na ƙara layi na biyu a bangon littafi: kowane abokin gaba in rubuta abin da yake so da abin da zai sa ya tafi. Wannan ita ce ƙofar da nake buɗe musu tun a shiri, maimakon in taɓa dayis.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ruwa tun asuba, layinmu ya zama rafi. Malam ya kai Oshodi ya juya. Taubashi ya ce ko da kwalekwale ba zai fito ba. In 'yan wasa ba su kai uku ba ana hawa ninki na gaba, kuma ban shirya wannan ba. Muka yi ludo, Umma ta cinye mu duka.

Lahadi, 29 ga Yuni

Kowa ya zo, Taubashi har da soyayyen naman salla da ya yi saura. Na dawo da kumburarren batirin.

Dodon da 'yan kwanta-kwanta biyu, maki 300, bayan ninki 600, wanda shi ne mai wuya ga mutum huɗu 'yan mataki na biyu. In ya shammaci Auta yanzu, mafi girman dukansa 30 ne, Auta kuma 28 ke kashe shi, don haka bai tsallake doka ba sai an cire shammatar. Na cire ta da labari. Sun tarar da sawu mai faɗin faifai a laka, suka ga gawar wani falke da kai a fashe, sannan wata tsohuwa mai sayar da fura ta gaya musu kogon da yake kwana. Su suka zaɓi zuwa, su suka zaɓi lokaci. Auta ya tsaya can baya, bayan dutse, ba wanda ya gaya masa.

Duk da haka saura ƙiris. Kibiya ta ci Ƙanwata 6. A zagaye na uku na jefa wa dodon ashirin a gaban kowa, wanda ke ninka dayis, masu-takwas huɗu da 2 suka ba da 21. Ta faɗi. Wanda ya faɗi yana jifan gargara a kowane zagaye, 10 zuwa sama ya ci, ci uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi, kuma 1 faɗuwa biyu ce. Ta jefa 4. Falon ya yi tsit, wuta ma ta ɗauke a daidai lokacin, muka kunna fitilar waya. In ta jefa 1 a gaba, an gama. Malam ya riga ya ƙarar da warakarsa tun Lahadin da ta wuce da farkon wannan faɗa, sai kwalbar magani guda a jakarsa, dodon kuma yana tsaye a kanta da jini 9.

Auta yana da siddabaru ɗaya da ya ɓoye tun daga zango. Ya ƙirga layukan kwali da yatsa, ya ga da'irar ba za ta kama dodon ba sai ta haɗa da Taubashi, wanda jininsa ya sauka zuwa 7. Barci ba ya tambayar naka ko na wani, mafi ƙarancin jini yake fara ɗauka. Wato 16 yake bukata. Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya," ya jefa. Muka haska: 19. Taubashi da dodon suka kwanta tare, kafaɗa da kafaɗa. Malam ya ruga ya ɗura wa Ƙanwata magani, ta tashi da jini 7, ta ce a bar wa Auta dukan ƙarshe. Ya ce a ciro masa zoben kakarsu daga wuyan dodon. Ban taɓa cewa zoben yana can ba, amma na ce yana nan.

Taubashi ya rantse ba zai yafe ba, wai an yi babban yaƙi yana barci kamar kurayen watan Afrilu.

Sun hau mataki na uku. A nan ma'aunin mai kisa ya yi tsalle daga 200 zuwa 400, sauran kuma 75, 150, 225, don haka lissafina duka sai na sake shi. Ina duba wani ƙato mai jini 59, maki 450, kulkinsa masu-takwas biyu da 4. Auta zai kai jini 20. Mafi girman dukan ƙaton 20 ne, in ya jefa ashirin 36, bai kai 40 ba. Ya tsallake. Abin da yake so kuɗin hanya ne a bakin gada, abin da zai sa ya tafi ban samo ba tukuna. Batirin waya ya yi masa kaɗan a kan kwali, Taubashi ya ce zai kawo ƙahon rago ranar Lahadi in ya huce.